Riga-kafin Kwamfutar Gida: Yadda A Ke Zaɓen Antibirus

Kamar yadda kowa ya sani, kwamfuta ta daɗe da fita daga ma'aikatun gwamnati da bankuna, ta shiga gidajen jama'a. A Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, har da garuruwan da ba su kai waɗannan girma ba, ana samun ma'aikaci da tasa, ɗan kasuwa da tasa, ɗalibin jami'a da tasa. Abin da ke cikinta kuwa ya kan fi ta daraja nesa ba kusa ba. Malamin lakwal yana ajiye makin yara a ciki. Magatakardan ƙungiyar manoma yana ajiye lissafin taki da iri da bashin da ke kan kowa. Ɗalibi yana ajiye littafin ƙarshen karatu wanda ya yi shekara guda yana rubutawa. Uwar gida kuma tana ajiye hotunan biki da na suna. In inji ya lalace ana iya sayen wani, amma in waɗannan takardu suka salwanta, babu kasuwar da a ke saida su.

Shi ya sa duk wanda ya sayi kwamfuta, tambayar da ya kan fara yi wa mai gyara ita ce: wane antibirus ya fi ƙarfi? Kowane mai gyara kuwa da sunan da ya ke yabo. To, amsar ba ta da tsawo. Antibirus ɗin da ya cancanci zaɓe shi ne na halal, wanda mai shi zai iya sabunta shi a kai a kai bisa halin da ya ke ciki. Sunan kamfani yana zuwa ne a bayan waɗannan sharuɗɗa biyu. Ga dalilin haka.

MENE NE BIRUS?

Da farko dai ya kamata a san maƙiyin. Birus wani jerin umurni ne da mutum ya zauna ya rubuta da gangan, domin ya shiga injin wani ba da izini ba, ya yi ɓarna. Ƙura da zafin rana su kan lalata inji, amma ba su ke haifar da birus ba. An ba shi sunan ƙwayar cuta domin yana bin inji zuwa inji kamar yadda ƙyanda ke bin yaran unguwa.

Na farko da ya bazu a irin kwamfutocin da jama'a suka fi aiki da su ya fito daga birnin Lahor na ƙasar Pakistan a shekara ta 1986. Wasu ƴan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, su suka rubuta shi, aka san shi da suna Brain. Har sunansu da adireshin shagonsu da lambar tarho suka sa a ciki. A wancan zamani masu rubuta birus sun fi neman suna. Yau kuɗi su ke nema.

Muguwar manhaja iri-iri ce, ko da ya ke jama'a duk birus su ke ce mata. Akwai mai manne wa takarda ko wata manhaja, ba ta motsi sai an buɗe ta. Akwai mai yawo da kanta ta hanyar intanet, ba ta jiran kowa ya taɓa komi. Akwai kura da fatar tunkiya, wadda ta kan zo da siffar wasa ko fim ko manhaja mai amfani, mutum ya shigo da ita da hannunsa. Akwai ƴar leƙen asiri, mai kwashe kalmomin sirri da lambobin asusu ta aika wa maigidanta. Sa'an nan akwai mai garkuwa, wadda ta kan kulle takardun mutum gaba ɗaya ta nemi kuɗin fansa.

Wannan ta ƙarshe ita ma tsohuwa ce. A watan Disamba 1989 wani Ba'amurke mai suna Joseph Popp ya aika da faifai kamar 20.000 ta gidan waya zuwa ƙasashe da dama, da sunan bayani a kan ciwon sida. Wanda ya sa faifan a injinsa, bayan ya kunna shi sau 90, sai takardunsa su ɓace, a ce ya aika da dalar Amurka 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. Ran 12 ga watan Mayu 2017 kuma wata mai suna WannaCry ta kama kwamfuta sama da 200.000 a ƙasashe 150 cikin ƴan kwanaki, tana neman dalar Amurka 300 a kan kowace. Asibitocin Ingila suka maida marasa lafiya gida, kamfanin motoci na Renault ya tsaida aiki a wasu masana'antunsa na Faransa. Abin lura a nan shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fidda gyaran da ke toshe kafar da ta bi tun ran 14 ga watan Maris na wannan shekara. Injinan da ba a sa wa gyaran ba su ta kama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

ƘOFOFIN DA YA KE SHIGOWA

A garuruwan Nijar babbar ƙofa ita ce ɗan abin ajiyar nan da a ke kira kile USB, wasu kuma su ce filas. Yau yana biro, gobe yana gidan intanet, jibi yana wurin masu buga takardu a bakin kasuwa, gata ya dawo gida. Duk injin da ya shiga, abin da ke can ya kan biyo shi. Wanda aka fi gani shi ne birus ɗin da a ke ce wa na rakursi. Shi ya kan ɓoye takardun da ke cikin kile, ya ajiye alamu masu ɗan kibiya masu irin sunansu. Mai shi ya danna ɗaya yana neman takardarsa, a nan take birus ya tashi ya shiga inji. Galibi takardun suna nan ba a goge su ba, an dai ɓoye su ne. Saboda haka kada a yi gaggawar wanke kile kafin wanda ya san aikin ya duba.

Kada kowa ya raina wannan ƙofa. A shekara ta 2010 an gano wata manhaja mai suna Stuxnet wadda ta lalata injinan tace uraniyum a Natanz ta ƙasar Iran, wurin da ke da tsaro mai tsanani. Yaɗuwa ta kile USB tana cikin dabarun da aka gina ta da su, domin ta kai ga injinan da ba su haɗe da intanet.

Ƙofa ta biyu ita ce manhajar sata, wato wadda aka fasa makullinta domin a yi aiki da ita ba biya. Ta uku kuwa saƙonni ne, na imel ko na WhatsApp, masu cewa an ci wata kyauta, ko ga takardar ɗaukar aiki, ko ga tallafin wata ƙungiya, a danna nan.

YADDA ANTIBIRUS KE AIKI

Antibirus mai gadi ne da ke tsaye a bakin waɗannan ƙofofi, kuma yana gane ɓarawo ta hanya uku. Ta farko, yana riƙe da littafin kamannin ɓarayin da aka riga aka sani. Duk takardar da ta shigo sai ya gwada ta da littafin. Ta biyu, yana lura da hali: in ya ga wata manhaja ta shiga kulle takardu ɗari a cikin minti guda, ko tana neman ɓoye kanta, ya kan tsaida ta ko da bai san ta ba. Ta uku, in ya yi shakka, ya kan tambayi babbar ma'ajiyar kamfaninsa ta intanet ya sami amsa nan da nan.

Littafin nan kuwa yana tsufa da sauri. Cibiyar AV-TEST ta ƙasar Jamus ta bayyana a shekara ta 2022 cewa tana ƙidaya sabbin miyagun manhajoji sama da 450.000 a kowace rana. Ke nan antibirus ɗin da ya yi wata shida ba a sabunta shi ba yana kama da mai gadin da ya san ɓarayin bara kaɗai. Yana tsaye a ƙofa, alamarsa tana nan a kusurwar allo, na bana kuwa suna wucewa ta gabansa yana gaida su.

A FARA DUBA ABIN DA KE GIDA

Mutane da yawa ba su san cewa injinsu ya zo da mai gadinsa ba. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, kamfanin Microsoft yana sa cikakken antibirus a ciki kyauta. Sunansa Microsoft Defender, kuma yana cikin Windows 10 da Windows 11. Mai injin da ke Faransanci zai same shi in ya buɗe Sécurité Windows, ya shiga Protection contre les virus et menaces. A nan zai ga ko gadi yana kunne, da ranar da aka sabunta shi ta ƙarshe. Ba ya neman lasisi dabam, wa'adinsa ba ya ƙarewa bayan shekara, kuma yana sabunta kansa duk sa'ad da inji ya hau intanet. A da an raina shi, amma tun daga 2019 ya sha cin cikakken maki a gwajin AV-TEST. Ga mai gidan da injinsa ke hawa intanet ko da sau biyu ko uku a mako, wannan ya wadatar.

Yana da rauni guda da ya shafi mutanen ƙasar nan ƙwarai. Defender ya dogara sosai ga tambayar ma'ajiyar kamfaninsa. A gwajin da cibiyar AV-Comparatives ta ƙasar Ostiriya ta yi a watan Maris 2022, ya gane sama da kashi 98 cikin 100 na miyagun manhajoji sa'ad da a ke da intanet, amma da aka yanke intanet bai gane fiye da wajen kashi 60 ba. Wasu kuwa, irin su Bitdefender da G Data, sun wuce kashi 95 ko babu intanet. To, injin da ke ƙauye, ko wanda ya kan yi makonni bai hau intanet ba alhali kile yana shiga yana fita kullum, mai shi ya kamata ya duba wannan ma'auni da kyau a gwaji na baya-bayan nan kafin ya yanke shawara. Akwai kuma dabara: Microsoft yana ba da littafin kamannin nan a ƙunshi guda, wanda a ke iya saukewa a inda akwai intanet, a kawo a sa wa injin gida.

Sai maganar tsofaffin injina, domin da yawa daga kwamfutocin da ke gidaje na gwanjo ne. Microsoft ya daina gyara Windows XP ran 8 ga watan Afirilu 2014, ya daina gyara Windows 7 ran 14 ga watan Janairu 2020, Windows 8.1 kuma a watan Janairu 2023. Windows 10 ma an rufe gyaransa na yau da kullum ran 14 ga watan Oktoba 2025, in ban da injinan da aka shigar cikin wani shiri na ƙarin wa'adi. Bangon da ba mai yaɓe shi, tsagarsa ƙaruwa ta ke yi, kuma babu antibirus ɗin da zai maye gurbin yaɓe. Wanda injinsa zai iya ɗaukar Windows 11 ya koma can. Wanda nasa bai iya ba, yana iya sa a ɗora masa Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma na halal. In ba haka ba, a nisanta tsohon injin da intanet da harkar kuɗi.

SHAIDAR MASU GWAJI

Wanda ya ga yana bukatar wani antibirus dabam, kada ya dogara ga talla. Mai tuwo ba ya cewa miyarsa ba daɗi. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan, su tara miyagun manhajoji su saka wa kowane antibirus su ga abin da zai yi. Fitattu su ne AV-TEST da ke birnin Magdeburg a Jamus, da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, da SE Labs a Ingila. Sakamakonsu yana kan intanet kyauta, na AV-TEST ma akwai shi da Faransanci.

AV-TEST tana auna abu uku, kowane maki 6, jimla 18. Na farko ƙarfin tsaro. Na biyu nauyi, wato yadda antibirus ke rage wa inji sauri. Na uku kuskure, wato sau nawa ya kan kama mai gaskiya ya ce ɓarawo ne. Wannan na uku ba ƙaramin abu ba ne. Ran 21 ga watan Afirilu 2010 wata sabuntawa ta kamfanin McAfee ta ɗauki wani sashe na Windows XP kansa a matsayin birus, ta kawar da shi, injina masu ɗimbin yawa a ma'aikatu da asibitoci suka kasa tashi. Mai zaɓe ya duba sakamako na watannin baya-bayan nan, ya kuma duba na cibiya biyu. Wanda ya ci a bara ba lalle ya ci a bana ba.

NA KYAUTA DA NA KUƊI

Sunayen da aka fi ji a kasuwa su ne Avast da AVG, waɗanda asalinsu ƙasar Cek ne, da Avira ta Jamus, da ESET ta Sulobakiya, da Bitdefender ta Romaniya, da Kaspersky ta Rasha, da Norton da McAfee na Amurka. Yawan sunayen kada ya ruɗi kowa. Tun daga 2022, Norton da Avast da AVG da Avira duk mallakar kamfani guda ne mai suna Gen Digital.

Wasu daga cikinsu suna da na kyauta. Galibi abin da ke kama birus a na kyauta shi ne dai ke cikin na kuɗi. Abin da kuɗi ke ƙarawa shi ne irin su ma'ajiyar kalmomin sirri, da kulawa da abin da yara ke kallo, da ƙarin tsaro wajen biyan kuɗi ta intanet, da wanda za a tuntuɓa in matsala ta taso. Mai bukatar waɗannan ya biya. Wanda ba ya bukata ya riƙe kuɗinsa ya sayi kile ko faifan ajiya na biyu, zai fi yi masa amfani.

Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Na kyauta ya kan cika allo da talla, yana tsorata mutum da jan rubutu domin ya sayi na kuɗi. Akwai ma abin da ya fi haka. A farkon 2020 aka bankaɗo cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana saida bayanin wuraren da masu amfani da shi ke ziyarta a intanet. Kamfanin ya rufe reshen, kuma a watan Fabrairu 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa shi biyan dalar Amurka miliyan 16,5. Dalili ke nan da ya sa, wajen ɗora kowane antibirus, ya kamata a karanta abin da a ke tambaya, a ƙi yarda da raba bayani, a kuma ƙi ƙarin manhajojin da a ke cusawa.

Antibirus yana ganin duk abin da ke cikin inji, saboda haka maganarsa maganar amana ce, har gwamnatoci su kan sa baki. Hukumar tsaron na'urori ta Jamus ta gargaɗi jama'arta a kan Kaspersky a watan Maris 2022. Amurka kuma ta hana saida shi a ƙasarta daga ran 20 ga watan Yuli 2024, ta hana sabunta shi daga ƙarshen Satumba na wannan shekara, bisa tsoron gwamnatin Rasha za ta iya amfani da shi. Kamfanin ya musanta zargin, kuma ya ci gaba da samun maki mai kyau wurin masu gwaji. Hukuncin na Amurka ne, a ƙasarta ya ke aiki. Ma'aikacin da ke taɓa takardun hukuma dai, ya bi abin da ma'aikatarsa ta tsaida.

MAI GADIN DA ƁARAWO YA KAWO

Mafi munin zaɓe shi ne antibirus na sata. Sau da yawa mutum ya kan kai injinsa gyara, a ce za a sa masa babban antibirus na shekara goma a kan jika ɗaya ko biyu. Abin da a ke sa masa kwafi ne da aka fasa. Wajen fasawar, umurni na farko da a kan bayar shi ne a kashe mai gadin da ke ciki, domin yana kama abin fashin. Ke nan an kori mai gadi na gaskiya, an buɗe wa baƙon da ba a san asalinsa ba dukan ɗakunan gida. Masu rarraba irin wannan kaya su kan cusa ƴar leƙen asiri a ciki. Ko da ba su cusa ba, kamfani ya kan gane lasisin sata ya toshe shi, sabuntawa ta tsaya, mai inji kuwa yana ganin alama a allo yana barci da minshari. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Akwai kuma na ƙarya tsantsa. Mutum yana cikin karatu a intanet sai wani shafi ya buɗe da ƙara da jan rubutu, ya ce an sami birus 5 ko 30 a injinsa, ya danna nan ko ya kira wata lamba. Shafin intanet ba ya iya binciken cikin inji haka kawai. Wanda ya danna, shi ya shigo da cutar. Abin yi shi ne a rufe shafin. Antibirus na gaskiya kuwa a shafin kamfaninsa a ke saukar da shi, ko a saye shi a shagon da ke ba da lasisi a rufe tare da rasit.

BA A SARKI BIYU ZAMANI ƊAYA

Wasu su kan ɗora antibirus biyu ko uku suna zaton tsaro ya ninka. Abin da ke faruwa shi ne kowane yana binciken ɗan'uwansa, inji ya yi nauyi, wani lokaci ya tsaya cik. Shi ya sa Defender ya kan janye da kansa in an ɗora wani. Sabon inji kuma ya kan zo da antibirus na gwaji na kwana 30. In wa'adinsa ya cika ba a da niyyar biya, a cire shi gaba ɗaya, a koma Sécurité Windows a tabbata Defender ya kama aiki.

Smadav, wanda aka yi a ƙasar Indonesiya, ya sami karɓuwa a shagunan buga takardu domin ba shi da nauyi kuma ya san cututtukan kile. Masu shi da kansu sun ce mataimaki ne da ke aiki tare da babban antibirus. Wanda ya bar shi shi kaɗai ya bar sauran ƙofofi a buɗe.

TAMBAYOYI KAFIN A BIYA

Mai niyyar saye ya yi wa mai shago waɗannan tambayoyi. Lasisin na wata nawa ne, kuma daga yaushe ya ke fara lissafi? Inji nawa ya ke rufewa, da wayar hannu ko babu? Injin nan zai iya ɗaukarsa, ko zai danne shi? Tsohon inji mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai sauƙi ya ke so. Yana magana da Faransanci, domin mai shi ya gane gargaɗin da ya ke yi? Yana binciken kile da kansa da zarar an soka? Wanda zai biya da katin banki kuma ya lura, kamfanoni da yawa su kan rage kuɗin shekarar farko, sa'an nan su cire na shekara ta biyu da kansu a farashi mafi tsada, sai in mutum ya kashe wannan tsari tun da wuri.

BAYAN AN ƊORA

Ranar da aka ɗora, a sabunta shi, a sa shi ya binciki inji kaf, ko da zai ɗauki sa'o'i. Wanda ke son ya tabbata gadin na aiki, akwai wata ƴar takardar gwaji mai harufa 68 da a ke kira EICAR. Ba ta da cuta ko kaɗan, amma kamfanoni sun yarda kowane antibirus ya kama ta kamar birus. In an saukar da ita daga shafin ƙungiyar EICAR antibirus bai ce uffan ba, to akwai gyara.

Daga nan sai ɗabi'a. Kowane kile a bincike shi kafin a buɗe, ko na maigida ne. A bar Windows ya sha gyaransa, kada a kashe shi domin tsimin kuɗin intanet. In ana tsimi, a nemi lokacin da ya fi araha. A buɗe wa yara nasu ɗaki a cikin inji, wanda ba shi da ikon ɗora manhaja.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan muhimmanci. Babu antibirus ɗin da ke kama komi da komi. Manomin kirki ba ya zuba iri da ci a rumbu ɗaya. Duk takardar da rashinta zai sa kuka, a kwafe ta a wani faifai ko kile dabam kowane mako, a zare shi daga inji, a ajiye a akwati. Faifan da aka bari a soke, mai garkuwa ya kan kulle shi tare da injin. Wannan kwafi shi ke ceton mutum daga birus, da ɗaukewar wuta, da ɓarawo mai ƙafa biyu.

In ƙaddara ta faɗa, takardu suka kulle, a cire inji daga intanet nan take, kada a soka masa faifan ajiya. Biyan fansa ba ya tabbatar da za a buɗe, yana dai ƙara wa ɓarayi ƙarfi. Tun watan Yuli 2016 ƴan sandan Turai da na ƙasar Holan, tare da wasu kamfanonin tsaro, sun buɗe wani shafi mai suna No More Ransom, inda a ke samun makullan buɗe wasu irin wannan kulli kyauta. A fara dubawa can.

KIRA GA MA'AIKATA

Ma'aikacin da ke ɗaukar aikin biro ya kai gida ya sani cewa amanar jama'a ya ɗauka: jerin albashi, takardun filaye, sunayen marasa lafiya, sakamakon jarrabawa. In injin gidansa na da cuta, da safe kile zai kai ta ma'aikata, daga nan ta bi sauran injina. Ya kamata shugabannin ma'aikatu su ware inji guda mai sabon antibirus wanda kowane kile zai fara bi ta kansa, su kuma sa a riƙa kwafe takardun aiki a kan lokaci. Nijar ta kafa doka mai lamba 2019-33 ta ran 3 ga watan Yuli 2019 domin hukunta laifuffukan da a ke yi ta na'urori, ciki har da shiga injin wani ba izini da lalata abin da ke ciki. Amma doka tana hukunta mai laifi ne in an kama shi, ba ta maido da takardar da ta ɓace.

A taƙaice, mai injin da ke hawa intanet a kai a kai, mai Windows ɗin da a ke gyarawa, ya kunna Defender ya kula da shi. Mai injin da ba ya samun intanet sosai ya nemi wanda masu gwaji suka shaida ƙarfinsa ko babu intanet, ya kuma sa ranar sabunta shi. Kowa ya guji na sata, ya tsaya a kan guda ɗaya, ya ajiye kwafin takardunsa a gefe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Riga-kafi ya fi magani, in kunne ya ji kuwa jiki ya tsira.